Shekara Biyu a Gaban Waya, Kwana Goma a Gaban Malama

Tun da na fara karɓar 'yan mata a gida ina nuna musu aikin kek, babu tambayar da take yawan dawo mini kamar wannan: mutum ya zauna da wayarsa ya koya wa kansa ne, ko kuwa ya nemi kuɗi ya shiga aji? Na lura cewa mafi yawan masu tambayar sun riga sun yanke hukunci tun kafin su zo, abin da suke nema kawai shi ne in ɗaure musu gindi. Wadda ba ta da kuɗin aji tana so ta ji na ce aji ɓarnar dukiya ne, wadda kuma aka riga aka biya mata tana so ta ji na ce duk mai koyo a waya wasa take yi. Ni dai na bi hanyoyin nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce ta ci mini kuɗi, don haka na ga ya fi dacewa in ba da labarin yadda abin ya kasance gare ni tun daga farko.

A unguwar Jahun da ke cikin garin Bauchi na taso, a gidan da ƙamshin suya ba ya rabuwa da shi, domin Goggo, yayar mahaifinmu, sana'arta ke nan haɗa kayan gara. Idan biki ya matso sai tsakar gidanmu ta cika da alkaki da nakiya da dubulan da cincin, da kuma ƙananan kek da take gasawa a gwangwanaye. Ba ta da obin, ba ta kuma taɓa neman a saya mata ba. Babbar tukunya take zuba wa yashi, ta ɗora a murhu, ta jera gwangwanayen a kan yashin, ta rufe da farantin ƙarfe, sannan ta zuba garwashi a kan farantin, wuta sama wuta ƙasa. Gwangwanin madara shi ne ma'auninta, tafin hannunta ne ke gaya mata ko tukunya ta yi zafin da take so, tsinken tsintsiya kuma shi take soka wa kek ta ga ko cikinsa ya gasu. Ina yarinya aikina shi ne fasa ƙwai da shafa wa gwangwanaye mai, kuma in faɗi gaskiya ban ɗauki wannan aiki da wata daraja ba. A idona kek ɗin Goggo abin cika bokiti ne a kai gidan amarya. Kek na gaske shi ne wanda nake gani a Instagram, mai hawa biyu ko uku, fari sol, gefensa sumul kamar bangon da magini ya gama shafewa, furanni suna gangarowa daga samansa.

Shekarar 2020 ce ta ba ni lokacin da ban taɓa samu ba. Ina aji biyu a jami'a malamai suka shiga yajin aiki a watan Maris, annobar korona ta zo ta rufe makarantu baki ɗaya, kuma ba a janye yajin aikin ba sai ƙarshen Disamba. Wata 9 ke nan ina zaune a gida, babu karatu babu fita. Da dare, lokacin da data take araha, sai in kwanta in yi ta kallon matan Amurka da Ingila a YouTube suna yi wa kek ado, har na kai ga ina ji a raina cewa da za a miƙo mini kayan aiki a lokacin da na yi irin nasu. Na kwashe 'yan kuɗin da na tara na tafi kasuwar Wunti, na sayo ledojin matsa kirim da ƙananan bakunan ƙarfe da ake sa musu, da kwalaben kala har guda 6, da sukarin ayisin. Ban sayi sikeli ba, domin ko tunaninsa bai zo mini ba. Wato na sayi kayan ado tun kafin in iya gasa abin da za a yi wa adon. Matar wana, wadda muke kira Anti, ta ara mini ƙaramin obin ɗinta na lantarki, na fara.

Ba zan yi butulci ga waccan hanyar ba, domin ta ba ni abin da aji ba zai iya ba ni ba. Bidiyo ba ya gajiya da maimaici. Ina iya mayar da wuri ɗaya sau 20, in tsayar da shi daidai inda hannun matar ya karkata, kuma babu mai yi mini dariya ko ya ce na cika tambaya. Ba sai na nemi izinin fita ba, ba sai na biya kowa ba. A nan na koyi zana fure da bakin ƙarfen nan mai lamba 1M, wanda ake farawa daga tsakiya a kewayo waje. Kwanon silba nake kifewa in yi ta zana furanni a bayansa, in kankare kirim ɗin in mayar cikin leda in sake, har sai ya yi ruwa ya ƙi tsayawa. Furannin da nake yi a yau, waɗanda mutane suka fi yaba mini, a bayan wancan kwano na koye su, babu malamar da ta ƙara mini komai a kansu.

Amma bidiyo yana nuna miki ne kawai, shi ba ya ganin ki. Matar za ta ce kofi biyu na fulawa, ni kuma in ɗauko kofin shayin gidanmu in danna masa fulawa har sai ya cika ya yi tozo, alhali ita kofin awo take nufi, mai cin mililita 240, wanda fulawar cikinsa ba ta wuce giram 120 zuwa 125 ba. Yau kek ya fito da laushi, gobe ya fito kamar tubali, kuma ban san abin da na canja ba, tunda a ganina abu ɗaya na yi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san kima irin na Goggo ne, wanda ya shekara 30 yana kallon kwaɓi. Akwai ma wata ɓarnar da har yanzu ƙannena suke tsokana ta da ita. Na ji matar ta ce a kunna obin a 350, na duba na Anti na ga lambarsa ta ƙare a 250, sai na murɗa shi har ƙarshe ina takaicin cewa bai kai ba. Ban san cewa mutanen Amurka da ma'aunin Faranhait suke lissafi ba, kuma 350 ɗinsu bai wuce 177 ba a ma'aunin Salshiyos da ke jikin namu. Kek uku na ƙona a haka, waje baƙi ƙirin, ciki kuwa ɗanyen kwaɓi, kafin in gano inda gizo ke saƙar. Haka kuma idan suka ce a bar bota ta yi laushi daidai da zafin ɗaki, ɗakinsu suke nufi, mai digiri 20 ko kusa da haka. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35, ɗakinmu kuwa a watan Maris yakan wuce haka da rana tsaka, saboda haka abin da nake samu mai ne tsagwaronsa, wanda ko an kwana ana buga shi da sukari ba zai riƙe iska ba. Idan duk waɗannan suka yi daidai, sai a ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, in buɗe obin in tarar tsakiyar kek ya lotsa kamar an taka shi.

Kowane gwaji yana cin ƙwai 5, kiret kuwa 30 ne, wato gwaji 6 ya tashi da kiret guda, ban da fulawa da sukari da bota. Da farko ƙannena murna suke yi da ɓarnar, daga baya kuwa da sun ji ƙamshi sai su sulale. Wata rana ina gaya wa Mama cewa ai ni kyauta nake koyo, sai ta dubi kwandon bawon ƙwai ta ce, “Araha ba ta ado.” Ba ta ƙara komai a kai ba.

A ƙarshen watan Maris na 2021, lokacin da ake ta rububin ɗaura aure kafin azumi ya kama, matar kawuna ta ba ni aikin kek na walimar 'yarta a unguwar Fadaman Mada. Na san don ta ƙarfafa mini gwiwa ta ba ni, ga shi kuma ta biya kuɗin gaba ɗaya tun kafin in fara. Na ce zan yi hawa biyu, na ƙasa inci 10, na sama inci 6. Na kwana ina aiki, kuma da asuba, da na ja baya na dube shi, fari da furanni ruwan hoda, sai da na yi hawaye don daɗi. Wuta ba ta dawo ba tun daren, don haka bai ga firiji ba ko na minti ɗaya. Sannan ban kafa masa turaku ba. Kek mai hawa ana soka wa na ƙasa sandunan katako ko na roba, a ɗora na sama a kan allonsa, domin sandunan su ɗauki nauyin maimakon kek ɗin. Ba zan ce bidiyon bai nuna ba. Ya nuna, ni ce na tsallake wurin, saboda ba shi da daɗin kallo, ina ɗokin in kai wurin furanni. Mai koya wa kansa shi ke zaɓar darasinsa, kuma abin da ransa yake so shi yake zaɓa.

Wajen ƙarfe 2 na rana muka shiga Keke Napep ni da ƙanena, kek yana kan cinyata, shi yana tallafe da gefen kwalin. Ba mu yi nisa ba na ji allon yana ɗumi a hannuna. A tudun rage gudu na farko hawan sama ya ɗan karkata, a na biyu ya nutsa ta gefe guda, na ga furannin suna zamewa ƙasa a hankali, ɗaya yana tura ɗaya. Na sa yatsa in tare, yatsan ya shige. Kalar ta biyo kirim ɗin da ya narke ta ɗiga a kan atamfar ankon da nake sanye da ita. Mai keken ya waiwayo ya ce, “Hajiya, in ƙara gudu ne ko in rage?” Na rasa amsar da zan ba shi, domin kowanne ya yi ba zai cece ni ba.

Na shiga gidan ta ƙofar baya ina kuka. Goggo tana can tana lissafin kayan gara, ta karɓi kwalin ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a miƙo mata wuƙa, ta raba hawan biyu, ta kankare kirim ɗin tas, ta yanki ɗan ƙarami ta sa a baki, sannan ta ce, “Cikin ya gasu, 'yar nan, tufafin ne suka ci amanarki.” Ta yayyanka shi aka ƙulla a ledoji tare da cincin da dubulan aka raba wa baƙi. Amarya ba ta yanka kek a ranar ba. Na kai wa matar kawuna kuɗinta washegari ta ƙi karɓa, ta ce ai an ci, kuma wannan ƙin karɓar ya fi mini ciwo a kan da zagi na ta yi.

Na ƙara shekara guda ina taurin kai. Na koma ƙananan kek na murnar haihuwa da na sauka, hawa ɗaya, na sayi sikeli, gashina ya daidaita. Amma gefen kek ɗina bai taɓa yin sumul ba, kullum da layi-layi da tudu da kwari, bakin samansa kuma a dakushe. Na ƙware wajen juya kek in nemo gefen da ya fi kyau kafin in ɗauki hoto. Na kalli bidiyon shafe gefe ba adadi, ina yin abin da nake gani daidai, amma ba ya fitowa.

Da aka sake shiga yajin aiki a watan Fabrairu na 2022, wanda ya kai har Oktoba, na yanke shawarar shiga aji. Na samu labarin wata malama a Jos mai koyarwa na kwana 10, kuma ƙanwar Mama tana aure a Unguwar Rogo, don haka masauki ba matsala ba ne. Baba ne ya ƙi. Ya ce, “Yanzu kek ɗin ma sai an je makarantarsa? Ga Goggonki nan, wace makaranta ta je?” Goggo tana daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce, “Na je mana. Shekara nawa na yi a gindin murhun Iya tana buge mini hannu da muciya? Bar yarinya ta je ta ga gwani.” Da yake yayarsa ce, bai sake cewa komai ba sai addu'a. Na ɗauki kwasar adashena ta wata 6 na biya, a watan Agusta na hau mota, muka bi ta Nabordo da Tilden Fulani, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, na sauka cikin ruwan sama da sanyin da ban zo da rigarsa ba.

Mu 14 ne a ajin. Malamar 'yar asalin Filato ce, ta manyanta, Hausa a bakinta kamar tamu, kowa kuma Momi yake ce mata. Ranar farko ba ta bari mun taɓa kala ko ledar matsi ba, awo muka yini muna yi: giram 250 na bota, 250 na sukari, 250 na fulawa, ƙwai 5. A buga bota da sukari har su yi fari su kumbura, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, idan an zuba fulawa kuma a daina bugu a koma juyawa a hankali, domin yawan bugu bayan fulawa ta shiga shi ke sa kek ya yi tauri kamar burodi. A gasa a digiri 160 zuwa 170, kada a buɗe obin a rabin sa'ar farko. Idan ya huce sarai a yanke tozonsa, a yi masa shafen farko siriri wanda zai kama ɓurɓushi, a sa a firiji ya daskare kafin shafe na biyu. Yawancin wannan na riga na sani, da tsada kuwa na san shi, har na fara tunanin ko na yi asarar adashena.

A rana ta uku aka zo shafe gefe. Na ɗora kek a kan majuyi, wato faifan nan da ke juyawa a kan gindinsa, na ɗauki farantin shafe na fara yi yadda na saba. Momi tana zagayawa ta tsaya a bayana, ba ta fi minti ɗaya ba, sai ta ce, “'Yata, wa ya ce ki bi kek da hannu? Kek ne zai zo wurinki.” Ta kama wuyan hannuna na dama ta dafe gwiwar hannun a jikin haƙarƙarina, ta sauke gindin farantin ya zauna daram a kan majuyin, ta karkatar da shi wajen jikina maimakon tsayuwar da nake ba shi kai tsaye. Ta ce in sassauta, wai ina riƙe da shi kamar mai kankare ƙanzo. Sannan ta ɗauki hannuna na hagu ta kai shi can bayan majuyin, ta ce in juyo shi zagaye guda ba tsayawa, hannun dama kuwa kada ya motsa ko kaɗan. Na juya. Da na ɗaga farantin sai ga gefe sumul, babu layi ko ɗaya. Shekara biyu ina tafiyar da hannu ina dannawa da ƙarfi, majuyin kuma ina tura shi kaɗan-kaɗan, kowace tsayawa tana barin tabonta. A bidiyo hannun da majuyin duka suna cikin hoto, ido ba ya rarrabe wanne ke tafiya wanne ke tsaye, nauyin dannawa kuwa babu kyamarar da ke ɗaukarsa. Na tsaya ina kallon kek ɗin, haushi da daɗi suka haɗu mini, ita kuwa har ta wuce wurin ta gaba.

Haka sauran kwanakin suka kasance gare ni. Na zo da tambayoyi cike da littafi, kowacce da ɓarnar da ta haife ta. Me ya sa jar kala take fitowa ruwan hoda, in na ƙara kuma kirim ya yi ɗaci? Ta ce in yi amfani da kala mai kauri maimakon ta ruwa, in haɗa tun daren jiya, domin ja da baƙi suna ƙara duhu idan sun kwana. Me ya sa kirim yake yin ruwa a cikin leda? Ta ce ina cika ledar da yawa ina kuma runguma ta da tafin hannu, zafin jikina ne ke narkar da shi. Ta nuna mini yadda ake auna turaku a yanke su daidai da tsayin kek, da yadda ake ɗaukar kowane hawa a kwalinsa a je a haɗa a wurin biki. Na ba ta labarin Fadaman Mada, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce duk mai wannan sana'a tana da irin wannan ranar.

Akwai abin da ya taso wanda babu bidiyon da ya taɓa faɗakar da ni a kai. Ranar kek mai 'ya'yan itace, irin wanda ake yi wa auren coci, sai ga kwalbar barasa a kan tebur, domin a cikinta ake jiƙa busassun 'ya'yan itacen, ita ce kuma ke sa kek ɗin ya daɗe bai lalace ba. Mu uku Musulmi muka dubi juna. Na yi mata bayani, ba ta ɓata rai ba, ta ce mu jiƙa namu a ruwan lemo ko baƙin shayi, amma mu sani ba zai yi kwanakin wancan ba. Ita ce ma ta ƙara ja mana kunne a kan jelatin, sinadarin da ke sa abu ya kama jiki, wanda ake sa wa fondan, wato ƙullin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ta ce kaso mai yawa na jelatin daga fatar alade ake yin sa, saboda haka mu nemi wanda aka rubuta na shanu ne ko na kifi da shaidar halal, ko mu yi fondan ɗinmu da farin ƙwai da garin CMC, wanda shi ma yake sa ƙullin ya kama jiki. Ta ce mu riƙa karanta jikin kwalbar filebo, domin wasu a cikin barasa ake narkar da su. Na tuna kwalaben da na yi ta saye ba tare da na duba ba, na yi istigfari.

Sai kuma rabin sa'ar da ta yi mana a kan lissafin farashi, wadda ta zo kamar ƙarin zance a ƙarshen wata rana. Ta ce mu rubuta komai, har gas da allo da kwali da kirtani da kuɗin mota da ladan hannunmu. Da na lissafa kek ɗin da nake sayarwa a Bauchi sai na tarar ina cika wa masu saye kuɗi daga aljihuna, ina kuma yi musu godiya.

Ajin yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Majuyi 4 ne ga mutum 14, saboda haka rabin yini a jiran layi yake tafiya. An kashe kwana biyu cur a kan furannin sukari masu waya a ciki, waɗanda har yau babu wanda ya taɓa nema a wurina. Kullum akwai kayan aikin da ake cewa dole ne mu saya a wurin, daga baya na gan su a kasuwar Taminus ta Jos da rahusa. Haɗin fondan ɗin da ita kanta take aiki da shi kuwa aka ce sai a aji na gaba, mai kuɗinsa daban. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin waɗanda suka zo ba su taɓa fasa ƙwai don kek ba. Sukan yi abin da aka ce, ya yi kyau saboda malama tana tsaye, obin nata ne, kirim ita ta haɗa, a ɗauki hoto. Idan ta ce akwai tambaya sai su yi shiru, domin babu abin da ya taɓa lalace musu balle su san abin tambaya. Gyaran da ta yi mini a minti ɗaya, wanda ya warware mini damuwar shekara biyu, su a wurinsu magana ce cikin maganganu. Mun rabu kowa da takardar shaida da hotuna, amma a zaurenmu na WhatsApp mu huɗu ne kawai muke sa aiki har yanzu, kuma uku daga cikinmu da ɓarnarmu muka je.

Na dawo gida ina ganin na gama, sai Bauchi ta tuna mini cewa ita ba Jos ba ce. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, kirim ɗin Momi yana iya yini a kan tebur a watan Agusta bai ce uffan ba. Da hunturu ya shigo fondan ya riƙa tsagewa tun ina murza shi, saboda iskar ta bushe. Da bazarar 2023 ta zo, kirim ɗin da na biya kuɗi na koya ya fara sheƙi yana sakin jiki kamar na ranar walima. Da damina kuma fondan ya riƙa gumi yana danƙo, musamman idan an fito da shi daga firiji. Na kira Momi, ta faɗi abin da ta sani, amma ita ba ta taɓa aiki a zafin da ya kusa digiri 40 ba. Dole na koma koya wa kaina, sai dai wannan karon na san yadda ake gwaji. Abu ɗaya nake canjawa a lokaci guda, in auna, in rubuta. Nakan shafe ƙananan kek uku da haɗi uku, ɗaya bota zalla, ɗaya majarin, wato botar da ake yi da man tsirrai, irin Simas da muke saye a kasuwa, ɗaya kuma majarin da farin man gashi da ake kira shotanin, wanda ya fi jure zafi, in jera su a zaure da azahar in riƙa duba agogo. Bota ta fi daɗi nesa ba kusa ba, amma ita ke fara faɗuwa, don haka daga Maris zuwa Mayu nakan gaya wa mai saye gaskiya ya zaɓa. Na koyi kashe fanka da shafa ɗan mai a hannu idan ina murza fondan da hunturu. Na daina kai kek da rana tsaka ko da za a yi fushi, sai da sassafe ko bayan la'asar.

Yanzu idan yarinya ta zo koyo, ba na karɓar kuɗinta a ranar. Nakan rubuta mata awon nan na giram 250, in ce ta je ta gasa kek 10 marasa ado, ta rubuta abin da ya faru da kowanne, sannan ta dawo. Wasu suna jin haushi, suna ganin kora ce, wasu kuma ba sa dawowa. Ba na kuma ce wa kowa ta yi shekara biyu tana lalube kamar yadda na yi, domin tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin ƙwai da fulawa da gas ya yi tashin gwauron zabi, ɓarnar da na yi a 2020 ba kowane gida ne zai iya ɗaukar ta a yau ba. Ba na karɓar fiye da mutum uku a lokaci guda, saboda majuyi uku gare ni.

A watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, ina da aikin kek na suna, gas ɗina kuma ya ƙare. Na je na durƙusa na gaida Goggo, na ce ina roƙon aron tukunya. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, “Tukunyar cika bokiti?” Ashe ta san abin da nake faɗa ina yarinya. Ta sa aka wanke yashi aka shanya, aka hura gawayi, ta zauna a kujerarta ta tsakar gida tana ba da umarni. Can ta ɗaga murfin ta miƙa tafin hannunta a kan yashin, ta ce da saura. Bayan ɗan lokaci ta sake miƙawa ta ce, “Ya yi, kawo.” Na ce ta ɗan dakata mini, na ɗauko ma'aunin zafi na cikin obin da na sayo a Jos, na ajiye a kan yashin na rufe. Da na buɗe, allurar tana gab da 170. Na nuna mata ina ta murna, ina gaya mata cewa wannan ita ce lambar da aka koya mana a aji. Ta leƙa ma'aunin, ta dube ni, ta ce, “To, sai aka yi yaya? Sa kek ɗinki ki rufe mini tukunya, zafi yana fita.”